Labarin Bin Sawun Makashi a Ƙasar da Makashi Ba Ya Ɓuya

Akwai wani nau'in ƙagaggen labari da ya cika kasuwar littafi ta duniya. An tsinci gawa. Bayan 'yan kwanaki an sake tsintar wata da rauni iri ɗaya. Gari ya ruɗe, sai wani ɗan sandan ciki ya ɗaura aniyar gano mai wannan ɗanyen aiki kafin ya kai ga mutum na gaba. Matasanmu sun san irin wannan labari sarai. Suna kallonsa a fina-finan Indiya masu fassara, suna tura wa juna a waya, a Achida da Gandi kamar yadda ake yi a Kano. Abin da ba su cika samu ba shi ne irinsa da Hausa, wanda aka gina a kan ƙasar da suke takawa. To shin labarin ɗan sanda da mai kisan ɗauki-ɗai-ɗai zai iya tsayuwa a wuri irin Wurno da Rabah da Goronyo na gabashin Sakkwato, inda kisa ya daɗe da fitowa daga littafi ya shigo kasuwa da gona? Ni dai a ganina zai iya, kuma ana bukatarsa, sai dai ba a sifar da ya zo mana da ita ba.

Tushen abin ba ya da nisa sosai. Ba'amurke Edgar Allan Poe ne ya rubuta gajeren labarin da ake ɗauka a matsayin labarin bincike na farko a 1841. A 1887 Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes, kuma shekara ɗaya bayan haka aka yi ta kashe mata a unguwar Whitechapel ta Landan, aka rasa gano wanda ya yi, har yau. Daga nan tsoron makashin da ba a san fuskarsa ba ya shiga adabin Turawa ya zauna. Thomas Harris ya ƙara masa sabon salo da Red Dragon a 1981 da The Silence of the Lambs a 1988, inda mai binciken ke ƙoƙarin shiga cikin tunanin makashin don ya hango inda zai nufa gaba.

Idan ka natsu ka duba waɗannan littattafai, za ka ga duk suna tsaye ne a kan wata ƙasa da ba tamu ba. Suna bukatar babban birni inda mutum zai shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba. Suna bukatar hukumar da ke ajiye takarda, mai likitan da zai buɗe gawa ya ce ga lokacin da rai ya fita, ga abin da ya fitar da shi. Sama da duka, suna bukatar mai karatu wanda ya riga ya yarda a ransa cewa da zarar an gano mai laifi magana ta ƙare, shari'a za ta yi aikinta. Wannan yardar ita ce ke sa mutum ya hana idonsa barci don ya ga shafin ƙarshe.

Mu kuma adabinmu ya daɗe yana magana a kan laifi, amma ta wata ƙofar. Cikin littattafai biyar da gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933 ta haifar akwai Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, labarin ɓarayi da dabarunsu, da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, labarin ɗaukar fansa. Wata gasar daga baya ta kawo Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya hango abin da makamai da tsofaffin mayaƙa za su iya zama bayan yaƙin basasa. Wanda ya sake karanta labarin Mailoma, jarumin wannan littafi, da rundunarsa a yau, jikinsa zai yi sanyi. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, soyayya da zaman gida suka rinjayi komai, ko da yake marubuta irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih da Maje El-Hajeej sun riƙe ɓangaren laifi da ban tsoro, sun kuma tara masu karatu.

Sai dai akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a yawancin labaranmu, na littafi da na fim. Asirin mugu yakan tonu ne da kansa. Ko ya haukace ya shiga tonon silili a kasuwa, ko ciwon ajali ya kama shi ya nemi gafara, ko wata 'yar aiki ta laɓe ta ji komai a bayan labule. Mun yi imani da cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, kuma gaskiya ne. Abin da labarin bincike ke tambaya shi ne, wane ne zai tashi ya kawo wannan rana ɗayan, da wace hujja, kuma me za ta ci masa? Wannan tambayar ce marubutanmu ba su cika zama a kanta ba.

Yanzu mu dawo gabashin Sakkwato. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe mutum fiye da talatin, waɗanda suka tsira suka kwarara Gandi gudun hijira. Ran Lahadi 17 ga Oktoban 2021, ranar da kasuwar Goronyo ke ci, aka buɗe wa mutane wuta, gwamnan wancan lokaci Aminu Waziri Tambuwal ya tabbatar da mutuwar mutum 43. Hakan ya faru ne ana tsakiyar rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar. A watan Disamban wannan shekarar aka ƙone matafiya a cikin mota a yankin Sabon Birni. Waɗannan su ne waɗanda suka shiga jarida. Na manomi ɗaya da aka harbe a gonar albasa, ko ɗan acaɓa da bai dawo gida ba, sai iyalinsa da maƙwabta.

A irin wannan wuri tambayar "wa ya kashe?" ta rasa rabin ƙarfinta. Makashin Landan yana ɓuya, na nan kuwa yana sakin bidiyo. Sunan Bello Turji ba asiri ba ne, har 'yan jarida sun je sun zauna da shi sun ɗauki muryarsa. Ƙauyuka sun san sunan wanda ya aza musu harajin noma da ranar da zai aiko a karɓa. Marubucin da ya ɗauko ɗan sanda mai dogon nazari ya ajiye shi a Goronyo yana neman sunan da yaro ɗan shekara goma ya sani, masu karatu za su ajiye littafinsa tun a babi na biyu.

Amma asirin bai ƙare ba, wuri ya sauya. Wa ya gaya musu cewa Alhaji wane ya sayar da tafarnuwarsa jiya, kuɗin na ɗaka? Wa ke kai musu fetur da burodi da katin waya da ƙwaya? Shanun da aka kora da dare, a wace kasuwa suke fitowa, wa ya sa hannu a takardarsu, wace mota ta ɗauke su? Kuɗin fansar da dangi suka sayar da gona suka haɗa, ta hannun wa ya bi, kuma nawa ya isa daji? Duk wanda ya zauna da mutanen yankin ya san kalmar da ta fi tayar musu da hankali ita ce "infoma", domin shi ba daga daji yake zuwa ba, sahu ɗaya kuke a masallaci. Dokta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya bi diddigin wannan harka a laccarsa ta 2021 mai suna I Am a Bandit, ya nuna cewa ta'addancin daji sana'a ce mai rassa har cikin gari. Ga kayan labarin bincike nan jibge, ba wanda ya taɓa.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan damuna, wanda Agatha Christie ta taɓo tun 1936 a littafinta The ABC Murders. A can makashin yana bin haruffa, ya kashe mai suna da A a garin da ya fara da A, sannan B, sannan C, kowa ya ɗauka mahaukaci ne. Ashe mutum ɗaya tak yake so ya kawar saboda dukiya, sauran ya kashe su ne don ya ɓatar da sawu. Mai son ɓoye ƙwayar gero ai masussuka zai nufa. To a yankin da duk gawar da aka tsinta a bayan gari ake cewa "'yan bindiga ne" a rufe magana, ina mai rigimar gado, ko rigimar iyakar gona, ko bashin da ba ya son biya, zai sami mafaka da ta fi wannan? Ba ya ma bukatar ya kashe wasu don ɓatar da sawu, an riga an yi masa. Idan har akwai labarin mai kisan ɗauki-ɗai-ɗai da ya dace da gabashin Sakkwato, to shi ne wannan: mutum na cikin gari, mai mutunci a idon jama'a, yana aikinsa a ƙarƙashin inuwar daji, da kuma mutum ɗaya da ya lura cewa wannan gawar ba ta yi kama da sauran ba.

Ta yaya zai lura? Nan ne marubucin zai nuna ko ya san ƙasarsa. A ce da asuba masu zuwa ban-ruwa a fadamar Rima sun ga mutum kwance a bakin kwalbati. Kafin hantsi rabin gari ya zo ya gani, an tattake duk wani sawu. An ɗauke shi a amalanke, an kai gida, an yi masa wanka da sutura, kafin azahar an kai shi makwancinsa, domin haka addini da al'ada suka koya mana, a gaggauta. Idan an kira 'yan sanda, watakila su iso ana addu'a. Maganar a buɗe gawa kuwa, dangi ba za su so jin ta ba, kuma ko sun yarda sai an nufi Sakkwato. Cibiyar binciken ƙwayoyin halitta kuwa, can ƙarshen ƙasa jihar Legas ta buɗe ta a 2017. Gracious David-West, wanda ya riƙa kashe mata a otal-otal na Fatakwal a 2019, hoton kyamarar tsaro ne ya taimaka aka kama shi, aka yanke masa hukuncin kisa a 2020. A bakin fadama babu kyamara.

Amma akwai ido. Wanda ya wanke gawar ya ga raunin, ya san bambancin harbin da aka yi daga nesa da sara da aka yi daga kusa, ya ga ko akwai shatar igiya a wuyan hannu. Tsohon maharbi ya san sawun takalmin roba na mutanen daji, ya san tayar babur mai ɗauke da mutum uku ta fi nutsewa a rairayi fiye da mai ɗauke da ɗaya. Sarkin pawa da dillalan kara sun san shaidar da ke jikin kowace saniya. Mai cajin waya a bakin tasha ya san wanda ya kawo wayoyi biyar jiya alhali tasa ɗaya ce. Mata a cikin gida sun san wadda mijinta ya fara shigowa da nama kullum ba tare da an ga sana'arsa ta ƙaru ba. Ilimin bincike yana nan a warwatse cikin jama'a, abin da babu shi ne wanda zai tattara shi, da kuma inda zai kai shi ba tare da an bi shi gida da dare ba. Saboda haka jarumin irin wannan labari ba dole ne ya zama mai kaki ba. Zai iya zama ma'aikaciyar ƙaramin asibiti, ko malamin firamare, ko magatakardan kotu, ko mai unguwar da ya gaji da binne mutanensa. In kuma ɗan sanda ne, a nuna shi yadda yake: ba mota, ba mai, ga oga a sama, ga tsoron kada rahoton da ya rubuta ya riga shi isa daji.

Wani zai ce ai wannan tunanin na tantance hujja baƙo ne, na Turawa. Ba haka ba ne, kuma a Wurno ya fi kamata a tuna. Garin ribaɗi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake, kuma shi da baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo sun bar rubuce-rubuce a kan mulki da shari'a. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ya yi dogon bayani a kan kisan da ba a ga wanda ya yi ba. Akwai babin ƙasama, rantsuwa hamsin da dangin mamaci za su yi, amma ba a ba su damar yin ta sai an sami alama mai ƙarfi, kamar mamacin ya ambaci sunan wanda ya sare shi kafin ya cika, ko adali ɗaya ya shaida. Imamu Malik ya tafi a kan cewa tsintar gawa a kusa da gidajen wasu mutane ba ya isa a kama su, domin ana iya kashe mutum a wani wuri a jefar da shi a ƙofar wasu don a shafa musu. Duk mai rubuta labarin bincike a duniya zai gane wannan tunani, nasa ne. Haka kuma kisan gilla, wanda ake yaudarar mutum a kai shi inda ba mai ceto a kashe, a mazhabar nan dangi ba su da ikon yafe shi, hukuma ce ke da magana. Marubucin Hausa da ya gina labarinsa a kan alƙali ko almajirin fiƙihu mai bin waɗannan ƙa'idoji bai aro komai daga kowa ba.

Wannan ne ya kawo ni ga dalilin da ya sa na ce ana bukatar irin wannan adabi, ba sha'awa kawai ba. Babbar cutar da rashin tsaro ya jefa mu ciki, bayan kisan kansa, ita ce zargi ya zama hukunci. Kwanaki kaɗan kafin harin Goronyo, 'yan sa-kai sun kashe Fulani goma sha ɗaya a kasuwar Mamande ta ƙaramar hukumar Gwadabawa, kuma mutane da yawa sun ɗauki abin da ya biyo baya a matsayin ramuwa. Ba a gurfanar da waɗanda aka kashe a Mamande gaban kowane alƙali ba, waɗanda aka kashe a Goronyo kuma ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Haka abin yake ta juyawa: a ce wane infoma ne, kafin a bincika an gama da shi, 'yan'uwansa su ƙulla. Labarin bincike mai kyau yana horar da mai karatu a kan kishiyar wannan. Yana sa ka zargi mutum a babi na uku, ka tabbata a ranka shi ne, sannan a babi na goma ya nuna maka ka zalunce shi. Yaron da ya sha irin wannan kunya sau da yawa a cikin littafi, ina kyautata zaton zai yi jinkiri kafin ya ɗaga gora a kan wanda aka nuna masa a kasuwa.

Akwai masu ganin bai dace a mai da jinin mutane abin nishaɗi ba, alhali gawarwakin ba su gama sanyi ba. Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Littattafan Turawa da yawa sun faɗa wannan rami, sun mai da makashin gwani mai basira, waɗanda ya kashe kuwa sun zama lissafi kawai. A wurinmu haɗarin ya fi girma, domin akwai yaran da tuni suke kallon ɗan bindiga mai rawani da bindiga a kafaɗa a TikTok da sha'awa. Hukuma ma tana da nata tsoron: a 2022 hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ci tarar Trust TV naira miliyan biyar saboda shirin da ta yi a kan 'yan bindiga. Amma maganin wannan ba shiru ba ne. Ya danganta ga inda marubuci ya ajiye zuciyar labarinsa. Femi Kayode ya gina Lightseekers, wanda ya fito a 2021, a kan abin da ya yi kama da kisan ɗalibai huɗu da aka yi a Aluu ta jihar Ribas a 2012, kuma tambayar da ya bi ita ce yadda gari guda zai taru ya kashe yara, tunda an riga an san hannun da ya yi. Bai ɗaukaka kowa ba. Idan labari ya ba mamaci suna da uwa da bashin da ake binsa da gonar da ya bari ba a girbe ba, ya yi masa abin da rahoton "an kashe mutum 43" ba zai taɓa yi masa ba.

Wahalar da ta rage ita ce ta ƙarshen labari. A Landan ana sa wa mai laifi ankwa a rufe littafi. A nan mai karatu ya san ana kama mutum a ga ya dawo gari bayan wata biyu, ya san ana sulhu da wanda ya kashe ɗaruruwa. Marubucin da ya rufe da cewa an kama mugu kowa ya huta, ya yi ƙarya, kuma za a gane. Wanda ya rufe da cewa ba abin da ke yiwuwa, ya ƙara wa mutane abin da ya riga ya yi musu yawa. Tsakanin biyun akwai hanya: gaskiya ta fito ko da hukunci bai cika ba, a wanke wanda aka yi wa ƙazafi, matar mamaci ta san wanda ya mai da ita gwauruwa, mai binciken ya biya farashin abin da ya tono. Wannan ƙarshen ya fi wuyar rubutawa, amma shi ne za a yarda da shi a Rabah.

Hanyar isar da shi ga jama'a kuwa ba ta taɓa sauƙi kamar yanzu ba. Ana karanta littattafan Hausa a gidajen rediyo, ana sauraronsu a YouTube, ana bin su babi-babi a WhatsApp, gasar Hikayata ta BBC Hausa kuma tun 2016 take fito da mata marubuta waɗanda da yawansu sun taɓo rashin tsaro. Kirana ga matasan Wurno da Rabah da Goronyo masu riƙe alƙalami, maza da mata, musamman waɗanda ke karatu a Sakkwato: kada ku jira wani daga Kano ko Legas ya zo ya rubuta muku wannan labari, domin bai san hanyar dajin Gundumi ba, bai san yadda ake raɗa a gidan makoki ba. Ku sauya sunaye da garuruwa don kare kanku da mutanenku, ku zauna da masu wankan gawa da maharba da alƙalai ku yi tambaya, sannan ku rubuta.